Kafin A Ɗora Sarƙar Kaka Kan Sikeli

Jama'a masu saurare, na cikin garin Dakoro da na Kornaka, Birnin Lalle, Sabon Mashi da Sakabal, da makiyayan da ke kama mu a kwarin Tarka har zuwa Barmo da Gadabeji.

Sharhinmu na yau zai shiga ɗakin iyayenmu mata ne, da izininsu. A ƙarƙashin gado, ko cikin tsohuwar kwalla, ko a ƙulle cikin wani tsumma da ba a kwance shi sai biki ya taso, gidaje da yawa na ƙasar nan suna da ɗan abin da kaka ta bari: tsakiya, murjani, talhatina, mundayen tagulla, zoben azurfa, ƙarau, wani lokaci har da tsohuwar liyari da aka huda aka zura wa zare. Kayan nan suna barin hannunmu sannu a hankali, kuma galibinsu a kan sikeli suke fita, da kuɗin nauyin ƙarfe. Wani zai zo a kan babur ranar kasuwa yana cigiyar tsofaffin kaya, ko dillaliya ta shigo gida ta ce a kawo a musanya da sabon yayi. Mai saye ya san abin da ya saya. Mai sayarwa ce ba ta san abin da ta rabu da shi ba, kuma wannan ne ya hana ni yin shiru.

Ba banza ba irin waɗannan kaya suka taru a yankinmu. Nan ne gona take ƙarewa makiyaya ta fara, har dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wajenmu. Bahaushe da Bafillatani da Ba'abzine kasuwa ɗaya suke ci, kowa da irin adon matansa, kuma ado yana tsallaka ƙabila ta hanyar aure da ciniki da kyauta. Birnin Lalle da ke kusa da mu ta taɓa zama mazaunin sarakunan Gobir tun kafin Alƙalawa. Ayarin Abzin masu gishiri da dabino sun daɗe suna gangarowa ƙasashen Gobir da Katsina, kuma ba gishiri kaɗai raƙuman suke ɗauke da shi ba. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Agadas a 1850, ya ratsa Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, kuma cikin kayan Turai da ya tarar ana sayarwa a kasuwar Kano har da duwatsun wuya da suka ƙetaro hamada. Abin da ya isa Kano a wancan zamani, 'yan koli sun kai shi kowane ƙauye.

Ina so a fahimce ni tun da wuri, ban zo in zargi macen da ta sayar da kayanta ba. Ga iyayenmu, ado ajiya ce ta ranar wuya. Namiji yana da garke ko rumbu, mace tana da abin wuyanta da na hannunta, kuma nata ne ita kaɗai, ba na miji ba. A farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, da matsalar abinci ta 2005, da kuma 2010 lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a arewacin Dakoro, azurfar mata ta ciyar da gidaje masu yawa. Matar da ta cire munduwarta ta sayi tiyar hatsi ta yi daidai, don ranar aka ajiye ta. Abin da ke ciwo shi ne a biya ta ɗan kaɗan daga cikin abin da kayan suka cancanta, don kawai yunwa ta hana ta yin ciniki kuma babu wanda ya taɓa gaya mata darajarsu. Kamar a karɓi saniyar tatsa ne a biya kuɗin fata.

To bari mu shiga sanin kayan, mu fara da azurfa, don a nan aka fi cutar mutane.

Maƙeran farin da suka yi wa kakanninmu aiki ba su da ma'adinin azurfa a kusa. Kuɗi suke narkawa. Babba a cikinsu ita ce liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza a gefe ɗaya da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen. Nauyinta kusan giram 28 ne, kuma a cikin kowane kashi 1000 na jikinta 833 azurfa ce. Ta biyu ita ce tsohuwar dala ta Faransa, mai tamma biyar, wadda nauyinta giram 25 ne, azurfarta kashi 900 cikin 1000. Galibin tsofaffin zobba da 'yan kunne da layun azurfa na ƙasar nan daga waɗannan kuɗi biyu suka fito. Shi ya sa tsohon aiki ba ya ɗauke da hatimi. Idan kika juya abu kika ga an buga 925 a bayansa, yana iya zama azurfa mai kyau, amma aikin zamanin nan ne, kada wani ya sayar miki da shi a matsayin na kakan kakanni.

Akwai wani abu game da liyari da ya kamata kowa ya riƙe. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinta, sai mai talla ya rantse maka cewa ta haura shekara 200. Sarauniyar ta rasu ne a 1780, kuma saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Afirka sun saba da wannan kamanni ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a canja ba. An buga ta a Viyana, an buga ta a Landan da Paris da Roma da Bombay, kuma har yau ana buga ta a Ostiriya. Shekarar da ke jiki ba ta faɗin ranar haihuwa. Abin da zai nuna maka ta gaske shi ne nauyinta, da rubutun da ya zagaye bakinta wanda yatsa ke ji, da kuma amonta idan ka jefa ta a kan dutse: ta gaske tana yin ƙara mai tsawo, ta zubi kuwa ƙararta a mace take.

Mutane da yawa suna gwada azurfa da mayen ƙarfe, su ce in bai kama ba to ta tabbata. Wannan gwaji rabi ne. Gaskiya ne mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma akwai wani farin ƙarfe da ake haɗawa daga tagulla da tutiya da nikel, babu ko ɗigon azurfa a cikinsa, shi ma ba ya kamuwa, kuma da shi ake ƙera yawancin kayan da ake shimfiɗawa a kasuwa yanzu. Azurfa in ta daɗe a ajiye baƙi take yi, in aka goga da tsumma ta dawo fari mai taushin haske. Wancan kuwa yakan ja zuwa rawaya-rawaya ko ya bar kore a fata. In abu ya shige maka duhu, kai shi wurin maƙerin fari da ka yarda da shi, ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji. Kuma a kai wa maƙera biyu, ba ɗaya ba, musamman in na farkon shi ne zai saya.

Sai dai nauyin azurfa ba shi ne dukan darajar ba. Ɗauki abin wuyan nan na Agadas da duniya ta san Nijar da shi, da 'yan uwansa da aka jera su 21, kowanne da sunan gari, irin su Ingal, Tawa, Iferwan, Timiya, Bilma, Abalak, Madawa da Damagaram. Maƙeri yakan fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, sannan ya fasa yumɓun. Tunda an fasa mazubin, ba za a sake samun irinsa sak ba. Bayan nan sai aikin magagari da zane da hannu. Wanda ya yi shekara 60 ko 80 a wuyan mace yana da shaidu a jikinsa. Kunnen da zare ke bi ya sirance ta sama inda yake gogawa. Zanen ya lafa a wurin da yatsa ke yawan taɓawa, ya rage kaifi a lungu. Sau da yawa za ka ga shuɗin baba na turkuɗi ya maƙale a cikin zanen. Masu dabara sun iya tsufar da sabon abu da hayaƙi da mai da binnewa a ƙasa, amma dattin da suke sawa ko'ina ɗaya yake, ba su iya cinye kunnen abu ta inda zare kaɗai ke cinye shi.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata, kada a sa toka ko yashi ko ruwan batir a dirje tsohon abu don ya yi ƙyalli kafin a kai shi kasuwa. Abin da kike kankarewa shi ne abin da mai saye na gaskiya zai biya kuɗi a kansa. Tsumma mai laushi ya isa.

Mu koma ga tsakiya, uwar duwatsun wuya. Jan dutsen nan ba a ƙasarmu aka fi haƙo shi ba. Tun zamani mai nisa garin Kambay na Indiya ya shahara da sassaƙa shi, kuma alhazanmu da suka tafi Makka a ƙasa ta hanyar Sudan sun riƙa dawowa da shi a matsayin tsaraba. A ƙarni na 19 wani gari na Jamus mai suna Idar-Oberstein ya shiga cinikin, yana sayo dutsen daga Birazil, ya sassaƙa, ya ƙara masa launi, ya turo Afirka. Talhatina da yawa, masu zobe a sama da tsini a ƙasa, da matan Abzinawa da namu ke ratayawa ko su ɗaura a kitso, daga can suka fito. Da masu masana'antar kwalba na ƙasar Cek suka ga kasuwar tana ci, sai suka kwaikwayi siffar da gilashi, a Faransa ma garin Briare ya yi ta buga ƙananan duwatsu a injin. Daga baya roba ta zo ta rufe kasuwa. Ke nan a zare ɗaya na kaka kana iya samun Indiya da Jamus da ƙasar Cek a jere, kowanne da zamaninsa.

Rarrabe su ba ya buƙatar na'ura. Ɗora dutsen a kumatunki: tsakiyar gaske tana da sanyi kuma tana jinkirin ɗaukar ɗumin jiki, roba kuwa ba ta da sanyi ba ta da nauyi. Ɗaga shi sama ki duba ta hasken rana: in kin ga ƙananan kumfa a ciki, ko wani siririn layi da ya zagaye shi inda mazubi ya haɗu, gilashi ne. Dutse yana da jijiyoyi da gajimare a cikinsa waɗanda ba su maimaita kansu, kuma bakin allura ba ya yi masa tabo. Sannan ki leƙa hudar. Ta tsohon aikin hannu daga ɓangare biyu aka huda ta, sau da yawa ba su haɗu daidai a tsakiya ba, bakinta kuma ya yi sulɓi saboda shekarun da zare ya yi yana cin sa.

A nan ne masu saye ke da wata magana da suke karya farashi da ita. Sai ya juya dutsen ya ce, ai Hajiya wannan kwalba ce kawai. Eh, tana iya zama kwalba, amma kwalba suna suka tara. Duwatsun nan masu zanen furanni kala-kala, da masu tauraro a baki ja da fari da shuɗi, a tsibirin Murano na birnin Benis a Italiya aka yi su da hannu, kuma yau masu tara kayan da a Turai da Amurka da Japan ɗai-ɗai suke sayensu. Haka ƙarau da duwatsun Bida ta ƙasar Nufe, waɗanda mutanen Masaga ke narka gilashi su naɗa a kan sandar ƙarfe. Aikin hannu ne na maƙwabtanmu, ba ka samun biyu masu kauri ɗaya, kuma masu yin sa suna ta raguwa. Mu gilashinmu na da a wuya da hannu muka sa shi, ba a kabad ba. In kuwa an ci karo da tsohuwar kwalbar turare ko ta man shafawa, a duba gindinta. Wadda aka hura da baki tana da tabo a ƙasa inda aka ɓalle ta daga sanda, ta injin kuma tana da layi daga gindi har baki.

Murjani daga tekun Bahar Rum yake, dabbar ruwa ce ke gina shi, ya biyo ta Tarabulus da Gadamas da Gat ya iso mana. Na gaske yana da siraran layuka a tsaye in ka ƙura ido, kuma launinsa ɗaya ne ciki da waje. In cikin hudar fari ne waje ja, rini ne. Wasu na ɗiga ruwan lemun tsami su ga ko zai yi kumfa. Ni ban ba da wannan shawara ba, don yana cin jikin dutsen, kuma farin murjani mai arha da aka rina shi ma yana kumfa.

Mundayen tagulla masu nauyi da matan Woɗaɓe ke sawa a ƙafa, da tasoshin gaci masu zane, su ne suka fi shiga hatsari, domin masu sayen tsohon ƙarfe ba su duba zane, kilo suke dubawa. Akushi da ƙwaryar da aka yi wa zane kuwa ba su da nauyin da za a auna, sai a bar wa gara. Kwanukan jere masu fenti da suka kore su daga ɗakin amarya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, su ma tangaran da kuloli sun kore su. Wadda take da cikakken jere na uwarta da murafunsa, ta adana shi.

Duk abin da na faɗa a kan kayan gado ne, wanda mai shi ke da ikon ya sayar ko ya ajiye. Akwai wani ciniki dabam da ba ni da sassauci a kansa, wato tona kufai da tsofaffin kaburbura don neman duwatsu da tukwane. Mu dubi abin da ya sami Bura a yankin Tera. An gano wurin a 1975, masanin tarihinmu Bube Gado ya yi aikin haƙa na ilimi a can a 1983, ya fito da mutum-mutumin yumɓu da suka ba duniya mamaki. Da labari ya bazu, sai masu saye suka sauka, aka bi wuraren da diga da shebur aka yi musu kaca-kaca, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin hatsari a shekarar 2000. Dutsen da aka zaro daga rami aka jefa a buhu ya rasa labarinsa har abada, babu mai iya cewa a wane zurfi yake, tare da me, na wane zamani. Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ke yaƙi da fataucin kayan tarihi, kuma muna da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 da ta hana haƙa irin waɗannan wurare da fitar da kayansu ba da izinin hukuma ba. Muna da kufai a ƙasar Birnin Lalle da cikin Tarka. Duk baƙon da ya zo ya ce a nuna masa inda mutanen da suka zauna zai biya, a kai maganarsa wurin mai gari.

Ina da magana da magada. An saba in tsohuwa ta rasu a tsinke zarenta a raba duwatsun ɗai-ɗai, ko a kai azurfarta a narke don rabo ya yi sauƙi. Haƙƙin kowane magaji wajibi ne, ba mai jayayya da wannan. Amma ana iya yi wa abu kuɗi a wurin masana, ɗaya daga cikin magada ya ɗauka ya biya sauran rabonsu, abin ya zauna a gida cikakke. Malamanmu masu rabon gado sun san wannan hanya, su riƙa tunatar da mutane. Ku kuma maƙeranmu, ku ne kuka fi kowa sanin hannun magabatanku. In aka kawo muku aikin da kun san yau ba mai iya irinsa, ku gaya wa mai shi gaskiya kafin ku hura wuta. Narkawa ba ta da gyara, kuma samfurin da 'ya'yanku za su koya a kai ne ke shiga cikin kasko.

Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama yana Yamai tun 1959, amma yaron Dakoro nawa ne zai je Yamai don ya ga adon kakarsa? Ba sai an jira babban gini ba. Ma'aikatar magajin gari da fadojin sarakunanmu suna iya buɗe littafi guda, duk gidan da ya yarda a ɗauki hoton kayansa, a rubuta sunan abin da inda ya fito, kayan kuma su koma hannun masu su. Malaman lakwal suna iya ba yara wannan aiki a lokacin hutu.

Ku kuma samari da 'yan mata masu salula a hannu, aikin da ya fi gaggawa naku ne, domin waɗanda suka san sunayen kayan nan tsofaffi ne. Yau da dare ku je wurin kaka ko inna, ku roƙe ta ta kwance ƙullin nan. Ku ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, ku naɗi muryarta tana faɗin sunansa, wa ya ba ta, a wane biki, daga wace kasuwa, da abin da aka sayar a shekarar yunwa. In kuma wata rana larura ta sa dole a sayar, ku raka ta kasuwa, a auna a gabanku, a ji farashin mutum biyu ko uku, kada a sallama a zaman farko.

Mu kwana nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.